Kalmomin abincin Yahudawa a Turanci da harshen Biyetnam: a bar su da ma'anarsu

Ɗanyen kashu yakan tashi daga Najeriya da Gana da Kwaddibuwa a jirgin ruwa, a fasa shi a masana'antun kudancin Biyetnam, a soya, a zuba a leda, daga nan ya sauka a kantunan Amurka. A jikin ledar sau da yawa akwai ƙaramin harafin U a cikin da'ira, wani lokaci da kalmar Pareve a gefensa, ma'ana babu nama babu madara a ciki. Mai masana'antar ya biya kuɗi kafin ya sami izinin buga wannan alama, kuma a harshensa takardar sunanta chứng nhận Kosher, wato shaidar kosha, shaidar cewa abin ya dace da dokar abinci ta Yahudawa. Shi da mai saye a Amurka da malamin Yahudawan da ya sa hannu a takardar duk kalma ɗaya suke faɗa, amma ba lallai abu ɗaya suke nufi ba.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Kalmomin dokar abinci ta Yahudawa kalmomin fiƙihu ne, kowace da iyakarta. In za a sa su a jikin kwali, ko a jerin abincin gidan cin abinci, ko a takardar ciniki, a bar su yadda suke, a yi bayaninsu a gefe, sannan a faɗi sunan wanda ya shaida. Turanci ya sassauta su saboda sabo da su. Harshen Biyetnam kuma, da yake baƙi ne a wurinsa, yana iya musanya su da kalmomin gida da suka yi kama da su. Duka biyun suna kai mutum ya ci abin da bai yi niyya ba, ko ya aika kwantena guda a dawo masa da ita.

Asalin kalmar kosha a Ibrananci kasher ce, ma'anarta abin da ya dace, wanda ya cika sharaɗi. Lafazin kosha na Yahudawan gabashin Turai ne, kuma da shi ta shiga Turanci ta bakin masu magana da harshensu na Yidish. Tsarin gaba ɗaya sunansa kashrut. Tushensa yana cikin Attaura, babi na 11 na Littafin Firistoci da babi na 14 na Maimaitawar Shari'a: dabbar tudu sai mai tuƙa kuma mai rababben kofato, dole ta haɗa biyun. Raƙumi da zomo an ƙidaya su cikin masu tuƙa marasa rababben kofato, alade kuwa kofatonsa a rabe amma ba ya tuƙa, don haka dukansu sun fita. Abin ruwa sai mai ƙege da kamɓori, wato ɓawon nan da ake kankarewa a jikin kifi. Tsuntsaye an jera haramtattu ne da suna, shi ya sa a aikace ake cin waɗanda aka gāda kawai, kamar kaza da agwagwa da tantabara. Ƙwari duk haram ne in ban da wasu nau'o'in fara, waɗanda Yahudawan Yaman suka riƙe al'adar gane su.

Wannan jeri shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Wahalar tana wurin yanka da abin da ke biyo baya. Yankan ana kiransa shehita, mai yin sa kuma shohet, mutum ne da ya yi karatu aka ba shi izini. Wuƙarsa ba ta da tsini, tsawonta ya kai kimanin ninki biyu na faɗin wuyan dabbar, kuma yana bin bakinta da farce kafin yanka da bayansa, domin ɗan tsagewa kaɗan ya isa ya ɓata aikin. Abubuwa biyar ne ke ɓata yanka: tsayawa a tsakiya, danna wuƙa maimakon ja, cusa wuƙar ƙarƙashin fata ko gashi har ta ɓuya, yanka a wajen iyakar da aka ƙayyade, da fizge maƙogwaro ko hanyar abinci. In ɗaya ya faru, dabbar ta zama nebela, mushe ke nan. Bayan yanka mai kyau sai a buɗe ƙirji a duba huhu. In an sami wata fata da ta manne huhun da haƙarƙari, ana zargin akwai huji a ƙarƙashinta, sai a hura huhun a tsoma a ruwa a ga ko iska za ta fita. Dabbar da aka samu da irin wannan lahani ita ce tirefa, kalmar da asalinta ke nufin wadda naman daji ya yayyaga. Huhun da aka samu sumul babu mannewa shi ne gilat a Yidish. Daga nan a cire kitsen da aka haramta, na kewayen ƙoda da na ciki, a cire jijiyar cinya. Cire jijiyar nan aiki ne mai cin lokaci, har ya sa a Amurka akasari ake sayar da bayan sa gaba ɗaya ga kasuwar da ba ta kosha ba. Saura jini: cikin awa 72 da yanka dole a jiƙa naman rabin awa a ruwa, a barbaɗa masa gishiri ta kowane gefe ya yi awa guda a kan abin da jinin zai tsiyaye, sannan a ɗauraye sau uku. Hanta jininta ya yi yawa, gishiri ba ya isa, sai an gasa ta a wuta.

Sai kuma rabon nama da madara, wanda ya samo asali daga umarnin da aka maimaita sau uku a Attaura cewa kada a dafa ɗan akuya a nonon uwarsa. Malamansu sun faɗaɗa shi har ya haɗa da kaza, da tukwane, da cokula, da wurin wanke-wanke. Wanda ya ci nama yakan jira awa shida kafin ya sha madara, Yahudawan Jamus sun saba da awa uku, na Holan awa guda. Abincin da ba nama ba kuma ba madara ba shi ne pareve: ƙwai, kifi, hatsi, kayan lambu. In ɗigon madara ya faɗa tukunyar nama bisa kuskure, ana duba ko naman da romon sun ninka shi sau 60. In sun ninka, ɗigon ya ɓace a hukunce. Amma wannan rangwame na kuskure ne, ba a yarda a zuba da gangan a fake da shi ba.

Wanda ya fahimci waɗannan zai ga me Turanci ya yi wa kalmomin. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Turawa ke cewa ciniki kaza ba kosher ba ne, suna nufin akwai lauje cikin naɗi. Wannan ba ya damuna ko kaɗan. Mu ma mun ɗauki halal daga littattafan fiƙihu muka ce ɗan halak, muka ce halaliyata ce, kuma babu wanda ya ci mushe saboda haka. Maganar baki tana da 'yancinta. Inda nake da ja shi ne a jikin abin da ake sayarwa.

Ɗauki gishirin da ake kira kosher salt, wanda ke cikin kusan kowane littafin girki na Amurka. Sunan ba ya nufin an tsarkake shi, gishiri tsantsa ko wane iri ne ba shi da matsala a dokar. Gishiri ne mai manyan ƙwayoyi da aka saba fitar da jinin nama da shi, domin mai laushi narkewa yake nan take, mai dunƙule-dunƙule kuma zamewa yake daga jikin naman. Masu girki sun so shi don yana kamuwa a yatsa, sunan ya bi shi. Haka kokwamban da ake jiƙawa da tafarnuwa irin ta shagunan Yahudawan New York, ana kiransa kosher dill ko da babu malamin da ya taɓa leƙa masana'antar. Mafi muni shi ne kosher-style, wato mai kama da kosha. Gidan abinci zai rubuta haka a ƙofa, ya kawo maka yankakken naman sa da cuku a narke a kai, abin da ya karya babbar ƙa'idar tsarin. Baƙon da Turancinsa bai nuna ba, ko Bayahuden da ya zo daga wata ƙasa, kalmar farko yake gani.

Gilat ma ta tashi daga huhu ta koma ma'anar "mai tsananin kiyayewa". Za ka ga an rubuta ta a kan kaza, wadda ba a yi mata binciken huhu irin na sa, har a kan shagon da babu nama a cikinsa sam. Tirefa, wadda suke cewa treif, ta zama sunan duk abin da ba kosha ba, har alade da jatan lande. Wannan na biyun Yahudawa da kansu suka fara shi a Yidish, kuma ba ya ruɗar da kowa domin yana hana ci ne. Na farkon kuwa yana ba mai saye tabbacin da babu shi, kuma yana sa a ƙara masa kuɗi.

Haruffan da ke gefen alama su ma suna da tarko. U cikin da'ira, wadda ake kira OU, ta ƙungiyar Orthodox Union ce, wadda aka kafa a 1898, kuma alamar ta fara fitowa a 1923 a gwangwanin waken Heinz. Akwai OK a Brooklyn, Star-K a Baltimore, Kof-K a New Jersey, da KLBD a Landan. Waɗannan alamomi ne masu rajista, wanda ya buga ba da izini ba za a kai shi kotu. Amma harafin K shi kaɗai ba mallakar kowa ba ne, ba a yi wa harafi guda rajista, saboda haka kowane kamfani zai iya bugawa, kuma ba ya gaya maka wa ya duba. D yana nufin akwai madara ko an sarrafa a injin madara. P kuwa ba pareve yake nufi ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Yana nufin abin ya dace da Idin Ƙetarewa, lokacin da ake haramta duk abin da ya kumbura na alkama da sha'ir da danginsu uku. Akwai kuma garin da ake zubawa a kofi wanda dokar Amurka ta bari a rubuta masa non-dairy, alhali akwai sinadarin furotin na madara a cikinsa. A kwali ɗaya za ka ga Turanci ya ce babu madara, alamar malamai kuma ta ce D. Alamar ce ta faɗi gaskiya. A ɗaya gefen kuma, pareve hukuncin addini ne, bai zama alkawari ga wanda jikinsa ba ya karɓar madara ko kaɗan ba, kuma bai kamata iyayen yaro mai wannan lalura su dogara da shi ba.

Amurka ta gwada tsare kalmar da doka. Jihar New York ta yi dokar kosha a 1915, inda ta ce wanda ya sayar da abu da wannan suna dole ya bi ƙa'idar Yahudawa masu riƙon gargajiya. A 1992 kotun ƙoli ta New Jersey ta soke irin waɗannan ƙa'idoji a jiharta, a 2002 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta New York, bisa hujjar cewa gwamnati ba ta da hurumin yanke wane fiƙihu ne daidai. Abin da ya maye gurbi a New York a 2004 shi ne dokar bayyanawa: ka kira abinka kosha in kana so, amma ka yi rajistar sunan wanda ya shaida maka, mai saye ya gani ya yanke wa kansa. Isra'ila ta bi wata hanyar, dokarta ta 1983 ta ba hukumar manyan malamai ikon ba da takardar. A ganina hanyar New York ta fi dacewa da ƙasashen da Yahudawa ba su da rinjaye, domin ta gane cewa kalmar ba ta da nauyi sai da mai shaida. Ko da shaidar ma ana iya cin amana. A 2006 an gano wani mahauci a garin Monsey na jihar New York yana sayar wa unguwar masu tsananin riƙo kajin da ba kosha ba, kuma gidaje da yawa sai da suka tafasa tukwanensu, wasu kwanukan suka zubar, saboda a dokar tukunya tana ɗaukar hukuncin abin da aka dafa a cikinta.

A Biyetnam lamarin daban ne. Yahudawan da ke zaune a ƙasar kaɗan ne, mafi yawa baƙi ne 'yan kasuwa da matafiya. Kalmar ta shigo ta ƙofar fitar da kaya, domin ƙasar ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙwayar kashu da masoro, ta biyu a kofi, kuma manyan masu saye a Amurka da Turai sukan sa shaidar kosha cikin sharuɗɗansu. Biyetnam ta ƙulla hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1993, suka sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge a Yulin 2023, ta fara aiki a Nuwamban 2024. Mutumin da ke buƙatar fahimtar kalmar a can injiniyan masana'anta ne, ko mai sayen kayan haɗi, ko mai fassara takardu. Yawanci sun aro ta yadda take, suna cewa thực phẩm Kosher, abincin kosha, kuma wannan daidai ne. Matsalar tana zuwa a jimla ta gaba, lokacin da ake son bayyana wa ma'aikaci abin da take nufi, domin akwai kalmomi uku na gida da ke kusa da hannu.

Ta farko sạch, mai tsafta. A kasuwannin Hanoi da Saigon thực phẩm sạch na nufin abincin da ba shi da ragowar maganin feshi ko sinadari mai cutarwa, kuma magana ce da ke jan masu saye ƙwarai. Fassarar Littafi Mai Tsarki ma tana amfani da kalmomin tsabta da ô uế, ƙazanta, a wurin dabbobin da aka halatta da waɗanda aka hana, don haka kuskuren yana da inda ya jingina. Amma injiniyan da ya ɗauka kosha tsafta ce zai wanke injinsa fes da sabulu, ya ga ya gama. A dokar kuwa injin da ya dafa romon alade da zafi yana nan da hukuncinsa komai ƙyallinsa, sai an bar shi awa 24 ba aiki sannan an tafasa ruwa a cikinsa har ya yi ɓulɓul. Abin da ake gashi a kai ba ruwa, kamar farantin tanda, tafasa ba ta isa, sai an ƙona shi da wuta.

Ta biyu chay, cin ganyayyaki irin na mabiya Buda, wanda mutane da yawa ke yi a ranar 1 da ta 15 ga watan gargajiya. Yana da sauƙi a ce pareve ita ce chay, tunda duka babu nama. Sai dai pareve ta yarda da kifi da ƙwai, chay kuwa ba ta yarda da kifi ba, masu tsanantawa ma har albasa da tafarnuwa suke bari. Abincin chay da aka sa wa madara kuma ya fita daga pareve. Ke nan mai bin Buda zai iya cin alewar da aka haɗa da jelatin na kifi yana ganin ya kiyaye, Bayahude kuma ya ci abin madara bayan nama. Ta uku kiêng: ăn kiêng shi ne abin da mai ciwon sukari ko mai rage ƙiba ke yi. Mai fassarar da ya ga dietary laws a Turanci hannunsa na saurin kaiwa gare ta, sai dokar addini ta koma shawarar likita, abin da ake iya ɗan sassautawa.

Kifi ne wurin da sunaye suka fi yin ɓarna. Babban kifin da Biyetnam ke fitarwa daga kwarin Mekong shi ne cá tra da ɗan'uwansa cá basa, dangin tarwaɗa ne, ba su da kamɓori, don haka babu takardar da za ta mai da su kosha. A 2002 majalisar Amurka, don kare masu kiwon kifi na gida, ta hana a kira su catfish a kasuwarta. Sai aka koma sayar da su da sunan basa ko swai, an fere fata, fari tas a leda. Dokar da aka yi don ciniki ta cire kalma ɗaya tilo da za ta gargaɗi mai kiyaye kashrut. Karfasa, wadda suke kira cá rô phi, kosha ce, amma da zarar an cire fatarta babu mai iya rantsuwa da ido cewa ita ce. Shi ya sa ake barin ɗan yankin fata mai kamɓori a jikin tsokar, ko kuma a sa mai sa ido a wurin fira.

Romon kifin nan nước mắm, wanda kusan babu girkin da ba ya shiga, ya fi ban sha'awa. A tsibirin Phu Quoc ana haɗa ƙananan kifin cá cơm kashi uku da gishiri kashi ɗaya a manyan gangunan katako, a bar su kimanin shekara. Kifin kansa halattacce ne a dokar. Abin da ke ɓata shi shi ne abin da koma ke kwasowa tare da shi, ƙananan jatan lande da ƙaguwa da makamantansu, sai an tsince su kafin a zuba gishiri. To ko an tsince an sami shaida, akwai saura. Malamansu sun hana haɗa kifi da nama a girki ɗaya, hanin da ke cikin Talmud, babban littafin fiƙihunsu, bisa dalilin lafiya. Saboda haka romon pareve ne, amma ba a zuba shi a miyar phở ta naman sa, wadda da shi ake ɗanɗana ta a al'ada. Wannan ne ya sa Orthodox Union ke ƙara kalmar Fish a gefen alamarta a kan wasu kayan miya. Mai fitar da kaya da ya san kalmar kosha kaɗai, bai san wannan rabe-rabe ba, zai yi mamakin dalilin da mai saye ya ƙi kayansa masu takarda. Kofi ma haka: ɗanyen 'ya'yansa ba su da matsala, amma suyar gargajiya ta Biyetnam ana sa mata bota, wanda in ya yi kyau ya mai da kofin na madara, in kuma ba a san asalin man ba ya fitar da shi gaba ɗaya. Fatar shinkafar bánh tráng da taliyar shinkafa suna wucewa duk shekara, amma a Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Lễ Vượt Qua, Yahudawan asalin gabashin Turai ba sa cin shinkafa da masara da wake, alhali da yawa daga na asalin ƙasashen Larabawa suna ci.

Yadda ake samun takardar ya nuna dalilin da ya sa bayani na sama-sama ba ya wadatarwa. Kamfani yana miƙa jerin duk abin da ke shiga masana'antar, har man da ake shafa wa faranti da maganin kumfa, kowane da sunan mai kawo shi. Hukumar tana amincewa da jerin, ta fitar da na biyu mai ɗauke da kayan da aka yarda a buga wa alama. Mai sa ido, mashgiya, yana zuwa ba sanarwa. Takardar tana ɗauke da sunan masana'anta, sunan kowane kaya, matsayinsa, da ranar ƙarewa, galibi shekara guda. Abubuwan da suka fi kawo cikas ba a ganin su a cikin abincin: mai sayen kaya ya canza mai kawo man ƙamshi don rahusa bai sanar ba, ko tankar da ta kawo man kwakwa ta taɓa ɗaukar kitsen dabba, ko tukunyar tururi ɗaya ce ke hidima wa layin kashu da layin jatan lande kuma ruwan yana komawa ya zagayo. Irin wannan ɓoyayyen sinadari ne ya tsayar da Coca-Cola a 1935, lokacin da Rabbi Tobias Geffen na Atlanta ya gano gilisarin ɗin cikinta daga kitsen sa ake yin sa, sai da aka koma na man tsirrai ya sa hannu.

Za a iya ce mini aron kalma ba tare da fassara ba yana barin mai karatu cikin duhu, kuma ma'aikacin layi ba shi da lokacin karatun fiƙihu. Gaskiya ne, amma wanda bai gane kalma ba yakan tambaya, wanda kuwa aka ba shi kalmar gida da ta yi kama yakan wuce da tabbaci. Layi biyu na bayani sun isa a bango: wannan injin ba a dafa nama ko madara ko abin ruwa maras kamɓori a cikinsa, ba a canza kayan haɗi sai da izini. Wannan ya fi kowace kalma guda amfani.

Mai karatu Bahaushe ta Turanci wannan kalma ke iso masa, a jikin biskit da cakulan da man gyaɗa na waje, kuma bayanin da ya fi yawo shi ne wai halal ɗin Yahudawa ce. Akwai kusanci na gaske. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, aya ta 146 ta Suratul An'am ta ambaci kitsen shanu da tumaki da aka haramta wa Yahudawa, Risala ma ta kawo cewa babu laifi a yankansu, tare da karhanta cin kitsen da aka hana su. Hukuncin naman na malamanmu ne. Abin da nake jan hankali a kai shi ne alamar ba ta amsa tambayar Musulmi ba ne, ta wani take amsawa. Giya ba haram ba ce a kashrut, akwai giyar inabi mai alamar OU, akwai cakulan da aka zuba wa barasa mai alama. Jelatin da aka rubuta wa K shi kaɗai yana iya fitowa daga ƙashi ko fatar dabbar da ba a yanka bisa ƙa'ida ba, domin wasu malamansu na ganin sarrafawa ta canza shi, ko da yake manyan hukumomin ba su karɓi wannan ba. Ta ɗaya gefen, raƙumi da zomo da tarwaɗa da naman da aka dafa da man shanu duk halal ne a wurinmu, kuma babu ɗaya da ke kosha. Biyetnam kanta ta raba su a aikace: ta fitar da ma'aunin halal na ƙasa a 2020, ta buɗe cibiyar ba da shaidarsa a 2024, shaidar kosha kuwa tana hannun hukumomin Yahudawa na waje.

Mai fitar da riɗi ko citta ko zoɓo ko ƙaro, in mai saye ya rubuto masa yana neman shaidar kosha, kada ya aika takardar halal yana zaton za ta wadatar. Ya tambaya wace hukuma mai sayen ya yarda da ita, domin ba kowace ce ake karɓa a kowace kasuwa ba. Ya tambaya ko pareve ake so, ko har da na Idin Ƙetarewa, domin riɗi yana cikin abin da Yahudawan gabashin Turai ke bari a kwanakin idin. Ɗanyen kaya da ba a sarrafa ba yawanci ba shi da wahala, abin da za a duba shi ne ƙwari a cikin buhu, da abin da aka taɓa niƙawa ko busarwa a injin, da abin da sito ko kwantena ta ɗauka kafin nasa.